GIDAN HAYA: ABIN DA MANOMI ZAI SANI KAFIN YA AZA TUBALI

Wani manomi ya tambaye ni bayan an tashi daga aji: "Malam, na saida wake da raguna biyu. In gina ɗakunan haya a Gure ko in ƙara dabbobi?" Ga amsar da na ba shi.

Gure tana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Difa. Akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da jandarmomi waɗanda gwamnati take aikowa. Akwai kuma ɗalibai daga Kelle da Bune da Gidigir. Duk suna bukatar wurin kwana. Saboda haka gida mai ɗakuna da yawa yana iya samun mutane.

Abu na farko shi ne fili. Kada ka gina bisa filin gado wanda ba a raba ba. Ran da kuɗin haya ya fara shigowa, ran nan magada za su taso. In fili na cikin gari ne, ka nemi takardarsa a ofishin magajin gari, da sunanka a rubuce. Yanzu ka iya karatu, ka karanta da idonka kafin ka sa hannu.

Sai lissafi. Mu ɗauki misali: ɗakuna 4, kowane jika 5 a wata. A wata jika 20 ke nan, a shekara jika 240. Amma wannan lissafin takarda ne. Ɗalibai suna komawa ƙauye da damina, ɗaki ya zauna wata 3 babu kowa. Ma'aikaci ana iya canza masa gari. Ga yaɓe, ga gyaran indararo, ga ƙofa da ta lalace. Mai hankali yana ƙirga wata 9 kawai, watau jika 180, sannan ya ware na gyara. In ginin ya ci jika 1.800, sai bayan shekara 10 ko fiye kuɗinka zai dawo. Tunkiya tana haihuwa kafin nan, gaskiya ne, amma fari yana kashe tunkiya, ba ya kashe ɗaki.

Shawarata, ka fara da ɗakuna 2. Kada ka taɓa rumbu, kada ka saida iri, kada ka ci bashi mai ruwa. Kuɗin rago na turke da na adashi su ne na gini.

Ka duba inda ruwa yake bi. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ginin ƙasa ne. In za ka yi da tubali, ka ɗaga tushe, ka gyara rufi kafin ruwan farko.

Maganar lafiya ita ce masu gida suka fi mantawa. Iyali 4 a tsakar gida ɗaya ba su zama lafiya sai da masai mai murfi da wurin wanka. Ƙasar Gure rairayi ce, rami yana zubewa in ba a ɗaure shi da bulo ba. A nisanta masai da rijiya kamar mita 30, don amai da gudawa ta ruwan sha suke kama mutane. Kowane ɗaki a yi masa taga. Manyanmu ba su manta sanƙarau na 1995 ba. Cunkoso cikin ɗaki maras iska lokacin zafi yana taimakon wannan ciwo. Ruwan wanka kuma a haƙa masa rami a rufe, kada ya kwanta ya tara sauro.

Ran da mai haya zai shiga, ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu 2: kuɗin wata, ranar biya, da wanda zai biya ruwa da wuta. Ka sayi littafi, duk wanda ya biya ka rubuta sunansa da kwanan wata, ka ba shi rasit.