Wa Zai Yi Wa Birni Yaɓe?

A farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Mu nan Gure a waya muka ga hoton, kowa na cewa haka Allah ya ƙaddara. Gaskiya ne. Amma je ka tambayi tsohon magini, zai ce maka ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya.

Indararo ne ke fara toshewa da ƙasa da kashin tantabaru. Ruwa ya kwanta bisa soro, ya bi tsaga ya jiƙa azara, gara ta samu abinci. Daga ƙasa kuma danshi na cin gindin katanga, har ka sa yatsa ka ga tana zuba kamar gari. Maganin ba ɓoyayye ba ne: a share indararo, a yi yaɓe kafin damina, a shafa makuba. Da can Sarkin Magina ke duba wannan, unguwa ta fito gayya. Yau wasu siminti suke shafawa, wai gyara, alhali danshi yake kullewa a ciki, katangar ta ruɓe a ɓoye.

To, aikin wa ne yanzu? Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997. A 2006 aka sa Birni da fadar Sarkin Damagaram cikin jerin wuraren da ƙasar ke son UNESCO ta karɓa, amma shiga jeri ba ya kwaɓa laka. Fada na da suna da girma, sai dai harajin da ya gina ganuwa a zamanin Sarki Tanimu ba hannunta yake shiga ba yau. Gidajen nan masu zane a fuskar zaure kuwa na magada ne. In sun kai goma, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sa hannu a aljihu. A ganina kuɗin yaɓen shekara-shekara wajibin gwamnati ne, tunda ita ta ce dukiyar ƙasa ce. Fada ta nemo magina, unguwa ta ba da hannu.

Mu ma ba mu tsira ba. Gure ce hedikwatar masarautar Muniyo lokacin da Bajamushen nan Barth ya sauka wajen sarkinta, Muniyoma Koso, a 1852. Yaran lakwal nawa aka taɓa kai su aka nuna musu inda aka yi wannan zama?

In ana son ganin amfanin yaɓe a kai a kai, dubi hasumiyar masallacin Agadas, garin da UNESCO ta karɓa a 2013. Itatuwan nan da suka leƙo daga jikinta, su magina ke takawa su hau idan lokacin yaɓe ya yi.