Neman Shaidar Fashewar Jijiyar Ƙwaƙwalwa A Cikin Jini

Gabatarwa

Bahaushe ya raɗa wa wannan cuta suna da abin da idonsa ya gani, wato shanyewar ɓarin jiki. Amma a wurin likita, sunan ya ƙunshi cututtuka biyu masu kama da juna, kowacce da nata magani. A wannan ɗan rubutu zan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda masana ke ƙoƙarin rarrabe su ta gwajin jini.

Inda Gizo Ke Saƙa

A iri na farko, gudan jini ne ke toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. A na biyu kuwa, jijiyar ce ke fashewa, galibi saboda hawan jini, sai jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Allurar narkar da gudan jini, wadda akan yi cikin awa 4 da rabi da faruwar abin, tana iya ceton mai toshewa, amma tana iya halaka mai fashewa. Don haka sai an ɗauki hoton kai da na'urar siti-sikan kafin a yi ta, ga shi kuwa na'urar sai manyan asibitoci.

Lamarin ya shafe mu ƙwarai. Binciken SIREN da aka gudanar a Nijeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa kashi 32 cikin 100 na majinyatan da aka duba fashewa ce ta same su. A Turai abin bai cika wuce kashi 15 ba.

Abin Da Ake Nema

Masana na neman wani sinadari da zai tona asirin cutar a cikin jini. Wanda ya fi jan hankalinsu shi ne furotin GFAP, wanda ke cikin wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu siffar tauraro. Idan jijiya ta fashe, ƙwayoyin kan ragargaje nan take, sai furotin ɗin ya kwarara cikin jini a awannin farko. Idan toshewa ce, sannu a hankali suke mutuwa, sai yawansa ya yi jinkirin hawa. Christian Foerch da abokan aikinsa a Farankfot ta Jamus sun nuna wannan bambanci a 2006.

Sai dai da sauran rina a kaba, domin ƙaramar fashewa kan kuɓuce wa gwajin. Amincewar da Amurka ta yi da shi a 2018 ma, don masu buguwar kai ce. Saboda haka bai maye gurbin hoto ba tukuna.

Kammalawa

Mu ɗaliban harshe ma muna da aiki a nan. Idan gwajin ya iso asibitocinmu, da wace kalma za a yi wa dangin majinyaci bayani? Ni dai na zaɓi "manuniyar cuta" ga irin wannan sinadari. Ina jiran ra'ayin mai karatu a fitowa ta gaba.