Matse Bayanai a Faifan Kwamfuta: Tasirinsa ga Saurin Rubutu da Warwatsuwar Fayil

Abin da a ke nufi da matse bayanai shi ne rage girman fayil ba tare da an yar da ko harafi ɗaya daga cikinsa ba. Asalin dabarar da a ka fi bi a yau ya samo tushe ne daga aikin Abraham Lempel da Jacob Ziv na shekarar 1977. Hikimarta ita ce, duk inda jerin haruffa ya sake maimaituwa, ba a sake rubuta shi, sai a sa 'yar alama mai nuni ga wurin da ya fara fitowa. Wasu tsare-tsaren ajiyar fayil, irin su NTFS da ZFS da Btrfs, su kan yi wannan matsi da kansu sa'ad da a ke rubutu a faifai. Tambayar ita ce, matsin nan sauri ya ke ƙarawa ko nawa?

Game da sauri, al'amarin ya yi kama da danne auduga kafin a ɗora ta a mota. Dannewar ta kan ci lokaci, amma sawun da motar za ta yi ya ragu. A ɗauka faifai na rubuta megabait 150 a daƙiƙa. Fayil mai megabait 300 zai ci daƙiƙa biyu. In matsi ya mai da shi rabi, daƙiƙa ɗaya ta isa, muddin ƙwaƙwalwar na'urar ta fi faifan hanzari. Saboda haka ne a ka ƙirƙiro hanyoyin matsi masu sauƙin nauyi, kamar LZ4 wadda Yann Collet ya fitar a 2011, da Zstandard wadda ya fitar a 2016. Amma fa ribar ta tsaya ne ga abin da ke matsuwa, wato rubutun zube da makamantansa. Hoto da sauti da bidiyo galibi an riga an matse su tun wajen yin su, don haka sake matse su wahala ce kurum. Shi ya sa ZFS ya ke ajiye guntu yadda ya zo, in matsin bai rage kashi ɗaya cikin takwas na girmansa ba.

Inda matsala ta ke shi ne wajen gyara. Ba a matse fayil gaba ɗaya, yanka shi a ke yi gunduwa-gunduwa, domin a iya karanta tsakiyarsa ba sai an kwance shi duka ba. A NTFS, wanda ya sami wannan dabara a 1995, kowace gunduwa gungu 16 ce, wato kilobait 64 in gungu ɗaya kilobait 4 ne. To, gunduwoyin nan ba su matsuwa daidai wa daida. Wata ta koma gungu 10, wata 7, wata ta ƙi matsuwa sam. In a ka zo canza kalma ɗaya a cikin mai gungu 10, dole a karanto gunduwar duka, a kwance ta, a gyara, a sake matsewa. In kuwa yanzu ta kai gungu 12, tsohon gurbinta ya yi mata kaɗan, ga shi maƙwabta sun tare gaba, sai a nema mata wuri a wani sashe na faifan. Da haka fayil ya ke warwatsuwa sannu a hankali. A Btrfs gunduwar da a ka matse ba ta wuce kilobait 128, saboda haka fayil mai gigabait ɗaya ya kan kasu aƙalla 8,192. Sai dai yawan gunduwoyi shi kaɗai ba ya nuna ɓarna, domin sau da yawa su na jere kusa da juna.

Illar warwatsuwa ta dogara ga irin faifan. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti ya na da allura wadda tilas ta tashi ta nemi kowane guntu, ta kuma jira faifan ya juyo da shi. Kowane tsalle ya kan ci wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, tsalle ɗari ke nan sun cinye daƙiƙa guda ba a karanta abin kirki ba. Faifan SSD ba shi da allura, don haka warwatsuwa ba ta dame shi ainun ba. Amma mafi saurin irinsa ya kan tsere wa matsi mai nauyi, har ƙwaƙwalwar na'ura ta zama ita ce ke jawo jinkiri.

Bisa ga wannan, hukuncin ya rataya ne ga halin fayil. Wanda a ke rubutawa sau ɗaya a yi ta karantawa, kamar taskar matanin littattafai ko ƙamus da a ka kammala, matsi ya na amfaninsa ta wajen wuri da sauri duka. Wanda kuwa a ke taɓa cikinsa kullum, kamar rumbun bayanan ɗalibai da a ke sabuntawa, in ya na kan faifai mai juyawa, barinsa ba matsi ya fi.