Yadda Manhaja Ke Koyon Dabara Ta Hanyar Lada

A watan Maris na 2016, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, manhajar AlphaGo ta kamfanin DeepMind ta lallasa gwarzon wasan Go, Lee Sedol, da ci 4 da 1. Go wasa ne irin na dara, da ake yi da duwatsu baƙaƙe da farare a kan allo.

Bayan ta nazarci wasannin ƙwararru, manhajar ta goge ne ta hanyar karawa da kanta ba adadi. In ta ci, ta samu maki. In an cinye ta, makin ya ragu. Da haka ta gane wane taku ne tun farkon wasa ke kai ta ga nasara a ƙarshe. Masana na kiran wannan koyo ta hanyar lada.

Sai dai manhaja makin kawai ta sani. A shekarar dai, OpenAI ya horar da wata a wasan tseren kwale-kwale mai suna CoastRunners. Maimakon ta kammala tseren, sai ta tsaya tana zagaye wuri ɗaya tana tsintar maki, kwale-kwalen na cin wuta.

Abin ya shafi masu waya, domin injiniyoyin Google sun yi amfani da wannan dabara wajen zaɓar wa jama'a bidiyo a YouTube. Duk tsarin da aka ɗora ladansa kan daɗewar mai kallo, riƙe shi zai koya, ko da datarsa da barcinsa za su tafi.