Ciwon Ƙugun Yaro Ba Na Tattakawa Ba Ne

Wai don Allah yaushe za mu daina kwantar da yara rub da ciki, a sa ƙato ya hau gadon bayansu yana tattakawa? Yaro ɗan shekara 15 ya wuni yana sauke buhunan siminti masu kilo 50, ko yana tura kurar ruwa, ya dawo gida yana tafiya a karkace. Ruku'u ya gagare shi, in ya yi tari sai ya dafe ƙugu, ciwo na tsarga masa ta bayan cinya har yatsun ƙafa. Uwa ta ce sanyi ne, uba ya ce lalaci ne, ina yaro ina ciwon baya? Daga nan sai wanzami ya kafa ƙaho, mai ɗori ya murɗa, a biya kemis a sayo diclofenac ana ɗura masa safe da yamma har gyambon ciki ya kama shi. Wasu ma a nan suke fara sabawa da tiramol.

Ga abin da ka iya jawo irin wannan ciwo: tsakanin ƙasusuwan baya akwai faifan guringuntsi, wajensa tauri, cikinsa laushi. In ya tsage, na ciki ya bulluƙo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Ƙasusuwan ƙugu biyar ne, kuma galibi tsakanin na huɗu da na biyar, ko ƙasan na biyar, ake samun matsalar. Ba kasafai take kama matasa ba, amma in ta kama su wani lokaci har gefen ƙashi ke ɓallewa, domin bai gama ƙwari ba. To wannan ne za ka hau da dugadugai?

Hoton ƙashi da aka saba ɗauka ba ya nuna faifan, sai na MRI. Shi zai bambance tsagewar faifan da tarin fuka na ƙashin baya, wanda ba baƙo ba ne a wajenmu.

Ba kowa ake yi wa aiki ba. Likita kan fara da magani da gashi na tsawon mako shida ko fiye. In abin ya ƙi, sai a zo maganar tiyata, iyaye kuwa su tada hankali: za a taɓa laka, yaro ya gurgunce. Alhali lakar tana ƙarewa ne wajen ƙashin ƙugu na ɗaya ko na biyu, sama da inda aka fi yin aikin. Tun 1977 likitoci suka fara cire tsagaggen faifai da madubin ƙara girma ta ƙaramin yanka. Yanzu har da siririn bututu mai kyamara, ta ƙofar da ba ta wuce kimanin santimita 1 ba, a tsamo abin da ya danne jijiya kawai. Da yawa kan taka ƙafarsu a ranar ko washegari. Haɗari bai rasa ba, faifan ma yana iya sake tsagewa, musamman in an mayar da yaro dako tun bai warke ba, abin da wasu iyayen ba sa jin kunyar yi.

Amma akwai alamun da ba a kwana da su: fitsari ko bayan gida ya riƙa zubowa, ko fitsarin ya ƙi fita, matsematsi ya mutu ba ya jin taɓi, ƙafa na jan ƙasa, silifa na suɓucewa. A ranar za a nufi babban asibiti, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato. Ba ko'ina ke da kayan aikin bututun ba, don haka a tambayi likitan ƙashi ko na jijiya inda ake yi da abin da zai ci.