Iskar da Injin Dizal Yake Buƙata a Ɗakinsa

Injin dizal ba ya amfani da fulogi wajen kunna mai. Iska yake zuƙa, fistin ya matse ta har zafinta ya wuce digiri 500, sannan a fesa mai a cikinta ya kama da kansa. A kan wannan dabara Rudolf Diesel ya gina injinsa da ya yi aiki a Augsburg ta Jamus a 1897, kuma har yau ba ta sauya ba. Kilo ɗaya na man dizal, wanda a Nijar ake kira gazuwal, yana buƙatar iska kilo 14.5 kafin ya ƙone sarai. In aka mayar da lissafin zuwa lita, kowace lita tana cin iskar da za ta cika akwati goma masu tsawo da faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya. Wannan shi ne mafi ƙaranci, domin a bakin aiki injin yakan zuƙi ninkin haka ko fiye. Injin da ke shan lita 3 a awa, in an ajiye shi a ɗaki mai mita 3 kowace kusurwa, yakan shanye iskar ɗakin kaf sau biyu zuwa uku a kowace awa.

Ba iskar numfashi kaɗai yake nema ba. Daga ƙarfin da ke cikin mai, kashi ɗaya cikin uku ko ɗan fiye ne ke zama aiki. Wani kaso mai yawa yana fita ta salansa, wani ta ruwan lagireto, saura kuma jikin injin ne ke fesar da shi cikin ɗaki. Iskar da za ta kwashe wannan zafi ta ninka ta ƙona mai sau da yawa, kuma ita aka fi mantawa da ita.

Matsalar ta fi tsanani a cikin jirgin ruwa mai inji a ciki, inda ake rufe injin a ƙarƙashin daɓe, a wuri matsattse, an kuma toshe kowace kafa don gudun ruwa da ƙara. A kogin Komadugu Yobe, wanda ya raba Nijar da Najeriya kafin ya faɗa tafkin Cadi kusa da Bosso, ba a cika haɗuwa da irin wannan jirgi ba. Kwale-kwalen masunta da na fito, in suna da inji, na ratayawa ne a baya, yana shan iskar sarari. Amma ɗakin injin jirgi yana da 'yan'uwa da yawa a tudu. Garin N'Guelbély, da ke cikin gundumar Maine-Soroa ta jihar Diffa a Nijar, a yankin makiyaya mai tuddan rairayi, ba shi da kogi, amma irin ɗakin da ake rufe injin niƙa ko janareta ko injin jawo ruwan rijiyar burtsatse a garuruwan wannan yanki, da shagunan birnin Diffa, ciwonsu ɗaya da na jirgin. Mai jirgi ruwa yake tsoro, mai injin niƙa kuwa ƙura da ɓarawo, kuma dukansu toshe kafa suke yi.

Tsoron ƙurar ba na banza ba ne. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda ke arewa maso gabas da tafkin, kuma jihar Diffa na cikin wuraren da take fara sauka. Ƙura in ta wuce matatar iska ta shiga silinda, sai ta haɗu da baƙin mai ta riƙa cin ringi kamar ana goga shi da yashi. Sai dai rufe ɗaki ruf ba ya maganinta, domin injin da ke neman iska zai jawo ta ta ƙarƙashin ƙofa, inda ƙasa ta fi yawa.

Da bazara kuma zafi ne ke karɓar aiki. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Diffa yakan haura digiri 40, ɗakin da aka rufa da kwano ga inji na ci a ciki kuwa yana iya kaiwa 60. Iska in ta yi zafi takan buɗe ta yi shakwaf. Ƙarfin da aka rubuta a jikin inji a digiri 25 aka auna shi. A digiri 45 nauyin iskar da fistin ke zuƙa ya ragu da kamar kashi 6 cikin ɗari, a digiri 60 kuma da kashi 10. Mai bai ragu ba, iska ce ta ragu, shi ya sa ake ganin baƙin hayaƙi, ƙarfi ya faɗi, shan mai ya ƙaru. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan nozul ko gurɓataccen mai, bakanike ya kwance abin da lafiyarsa lau, alhali taga ce babu. Batir ma ba ya tsira: kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rabin kwanansa, bel da tiyo da rigar waya kuma su bushe su tsattsage.

Tsarin da ya dace ba shi da wuya. Iska mai sanyi ta shigo ta ƙasa, ta ratsa jikin injin, mai zafi ta fita ta sama a bangon da ke fuskantar mashigar. In kafofin biyu suna gefe guda kusa da juna, iskar za ta shiga ta fice ba ta taɓa injin ba. Mashiga ta fi mafita girma, tunda wani kaso na iskar da ta shigo ta salansa yake fita. Raga da ƙarafan tsaro suna cinye wani ɓangare na faɗin taga, don haka akan ƙara mata girma. A wannan yanki gara mashigar ta ba arewa maso gabas baya, ta kuma ɗaga daga ƙasa kamar kamu biyu. Fanka mai jan iska waje tana taimakawa, amma in ta fi ƙarfin mashiga sai ta koma kokawa da injin a kan iska ɗaya. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a buɗe ƙofa inji na aiki. In ƙofar tana jan kanta ciki, ko muryar injin ta sake, ko hayaƙi ya washe, to a shaƙe yake. A wurin niƙa, raba inji da dutsen niƙa da bango, bel ya ratsa ta ƙaramar kafa, yana hana gari toshe matata.

A jirgi ana bin wannan tsari ne da ƙarin dabarar raba iska da ruwa. Bakin mashiga yana can sama, iska ta bi ta cikin akwati mai shamaki wanda ke tare feshin ruwa ya zubar da shi waje, sannan bututu ya kai ta ƙasan injin. Kowace kafa tana da murfin da ake iya rufewa daga waje, domin in gobara ta tashi a yanke mata iska. Man dizal ba ya fidda tururi mai kama wuta sai zafinsa ya kai wajen digiri 55, saɓanin fetur da tururinsa ya fi iska nauyi, yake kwanciya a gindin jirgi ko ƙasan ɗaki yana jiran tartsatsi. Batir da ake caji kuma yana fitar da haidurojin, wanda ke taruwa a saman rufi, kashi 4 cikin ɗari na iskar wurin ya isa ya kama.

Hayaƙi maganarsa daban ce, taga ba ta isar masa. Dole bututun salansa ya fita waje, babu huji, bakinsa nesa da mashigar iska don kada injin ya sake zuƙar abin da ya fitar. A cikin hayaƙin akwai kabon monokside, guba mara wari mara launi. Injin fetur ya fi fitar da ita, amma na dizal ma yakan ƙara yawanta in iska ta gaza masa. Ciwon kai, jiri da kasala ga mai aiki a ɗakin inji alamunta ne na farko, kuma mai barci ba ya jin su. A 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Lyon a Faransa, ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar dajin huhu, abin da ya fi shafar yaron niƙa da ke wuni a gefen inji fiye da mai kawo hatsi ya tafi.