Fasa Salansa a Kafanchan: Ƙara Ta Ƙaru, Ƙarfin Babur Ya Ragu

Da kukan jirgin ƙasa garin Kafanchan ya tashi. A shekarun 1920 ne ya zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal, da wanda ya nufi Kaduna, da reshen da ya hau Jos. Yau tashar ta yi tsit, babur ya gaji mafi yawan aikin. Shi ke fito da citta daga gonakin Jaba da Kachia zuwa bakin kwalta, shi ke kai ɗalibai Gidan Waya, shi ke garzayawa da mai naƙuda asibiti cikin dare. Sai dai a cikin wannan kai-komo akwai wani kuka da ya fita daban, wanda ake jiyowa tun kafin a hango mai shi: kukan babur ɗin da aka fasa wa salansa.

Aikin ba shi da wuya, shi ya sa ya yaɗu. Mai walda zai yanke gindin salansar, ya zare ƴan bangayen ƙarfe da bututu mai huda-huda da ke cikinta, sannan ya mayar ya liƙe. Wanda bai da kuɗin walda ya kan sa rodi ya huda ta. Mai hali kuwa sai ya sayo ta kanti mai ƙyalli, wadda cikinta kusan fayau yake. Dalilan da aka saba ji guda uku ne. Na farko gayu, musamman a rakiyar amarya, da gangamin siyasa, da bukukuwan ƙarshen shekara da kan kai ga bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. Na biyu, wai ƙarar ta kan sa direban mota ya san da babur a kusa. Na uku, wanda ya fi kama zukata, shi ne cewa in hayaƙi ya samu hanya a buɗe, inji zai ƙara ƙarfi da gudu.

Kafin a auna wannan magana ta uku, sai an san aikin salansa. Duk sa'ad da fetur ya kama wuta a cikin inji, bawul ɗin hayaƙi na buɗewa, iska mai zafi ta fito da ƙarfi kamar fashewa, sau dubbai a cikin minti guda. Ɗakunan da ke cikin salansa su ke karya wannan bugu, su rarraba shi, ya fita a hankali. Bayan haka, tsawon bututun da faɗinsa lissafi ne na injiniya. Hayaƙin da ke gudu a siririn bututu ya kan janyo ragowar ɗan'uwansa daga cikin inji, ya share wa sabon mai wuri.

Babur irin Bajaj Boxer, wanda ya mamaye harkar acaɓa, ƙaramin inji gare shi, kimanin cc 100. Kamfanin da ke ƙera shi a Indiya ya saita shi domin jan kaya da tattalin mai, kuma an daidaita kafiretonsa da salansar da ya zo da ita. Da zarar an kwashe kayan cikin salansar ba tare da an taɓa kafireto ba, ma'aunin iska da mai ya kan jirkice, sau da yawa iska ta rinjayi mai. Inji sai ya riƙa zafi fiye da kima, bakin fulogi ya yi fari, bawul ya fara ƙonewa. Ƙarfin tashi, wanda shi ne jarin mai ɗaukar buhu biyu na citta a kan hanyar burji mai hawa da gangara, shi ya kan fara tafiya. Abin da mahayi ke ji kamar ƙarin ƙarfi yawanci kunnensa ne ke ruɗinsa. Kuma tun da ƙarar ta kan sa hannu ya ƙara murɗa totur, mai ma ya kan fi saurin ƙarewa, a lokacin da kowace lita ta zama abin lissafi tun bayan janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023.

Tsofaffin babura masu haɗa fetur da baƙin mai, irin Jincheng AX100 da har yanzu ake cin karo da su a ƙauyuka, lamarinsu ya fi haka tsanani, domin injinsu ya fi dogara da siffar bututun hayaƙi. Tarihin tsere ya tabbatar da haka. A shekarun 1950, wani injiniya mai suna Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ya ƙware wajen ƙera bututu mai kumburarren ciki, wanda ke mayar da bugun hayaƙi baya a daidai lokacin da zai tura man da ya kusa tserewa ya koma cikin inji. Da mahayinsa Ernst Degner ya tsere daga ƙasar a 1961 ya koma wa Suzuki da wannan sani, a shekarar da ta biyo baya ya lashe gasar duniya ta ƙananan babura. Ke nan gyaran bututun hayaƙi na iya ƙara ƙarfi, amma da awo da gwaji, tare da sake saita mai. Huda da rodi a bakin titi ba ya cikin wannan lissafi.

Bayan inji, kunne ne ke biyan bashi. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suka fi amfani da shi ya ce ƙarar da ta kai desibel 85 kada a wuce awa takwas a cikinta a rana. Duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba wannan lokaci biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 kuwa minti goma sha biyar kacal. Babur ɗin da aka kwashe wa cikin salansa na iya doshin wannan mataki na ƙarshe in an murɗa masa totur, alhali ɗan acaɓa tun asuba yake kai har bayan isha'i. Alamar farko ita ce kunne ya riƙa ƙara shi kaɗai idan an kwanta. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Hujjar kariya daga haɗari ma ba ta da ƙwari, domin bakin salansa baya yake kallo. Direban da ke gaba, gilashi a rufe, rediyo a kunne, ba lallai ya ji komai ba sai babur ya zo dab da shi. Fitila mai haske, da birki mai ci, da hular kwano sun fi ta amfani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da ya keɓanci wannan yanki. Idan aka saki totur, ragowar man da bai ƙone ba kan fashe a cikin bututu, ya ba da sauti mai kama da harbin bindiga. A yankin da ya sha hare-hare, wanda ƙananan hukumominsa irin su Jema'a da Kaura da Zangon Kataf suka zauna ƙarƙashin dokar hana fita a 2016 da 2020, irin wannan sauti cikin dare ba wasa ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sana'ar kanta a kan siraɗi take. A 2014 gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta haramta acaɓa a wasu manyan garuruwan jihar. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta dakatar da hawan babur, na haya da na gida, na tsawon wata uku a matakin farko. Mazauna Abuja kuma ba su manta da korar acaɓa daga tsakiyar birni a 2006 ba. Tsaro da haɗura ne aka kafa hujja da su, amma duk sana'ar da ta hana jama'a barci ba ta cika samun mai tsaya mata ba ranar da hukuma ta ɗaga sanda.

Doka dai ba ta yi ƙaranci ba. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara na 2009 da na hayaƙin ababen hawa na 2011. A kan hanya kuma ga jami'an FRSC, ga na KASTLEA ta jihar Kaduna. Abin da ba a cika gani ba shi ne jami'i riƙe da na'urar auna ƙara, kuma in babu awo, kame ya kan zama ciniki. A wasu biranen Indiya ƴan sanda kan kwance irin waɗannan salansoshi su jera a titi, motar daɓe hanya ta bi ta kansu. Faransa kuwa a 2022 ta fara gwajin na'urori masu auna ƙara su ɗauki lambar abin hawa.

Kafin a kai ga haka, akwai hanya mafi kusa, kuma ta bi ta hannun mutanen Abuja. Ma'aikata da yawa kan saya wa ƙane babur a gida domin ya riƙa kawo balas, hadiman ƴan majalisa kuma su ke tsara rabon babura a mazaɓu. Mai ba da babur na da ikon gindaya sharaɗin cewa a bar salansa yadda ta zo, kuma ƙungiyoyin ƴan acaɓa irin su ACOMORAN na iya hana wanda ya fasa tasa shiga layi. Wanda ya riga ya fasa kuwa, ya sa bakanike ya kwance fulogi ya duba. In bakinsa ya yi fari fat, kuɗin sabuwar salansa ya fi kuɗin sauke inji sauƙi.